Tsaba ko Ƙaiƙayi: Sharhi a Kan Dabarun Rage Hayaniya Wajen Bin Sawun Cibiyar Babbar Manhaja

Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta sa gaba shi ne yin sharhi a kan wata aƙida da ta kafu a tsakanin masu nazarin aikin kwamfuta tun wajen 2004, har ta kai yau ba a cika tsayawa a tambayi dalilinta ba. Aƙidar ita ce: idan abubuwan da ke aukuwa a cikin na'ura sun yi yawan da ba za a iya rubuta su duka ba, to a zubar da mafi yawansu tun a wurin da suka auku, a ɗauko ɗan abin da ake bukata kawai. Ni ban zo da musu a kan amfanin wannan dabara ba, domin da ita muke aiki kullum. Inda nake da magana shi ne a kan kalmar da ake fakewa da ita wajen zubarwar, watau “hayaniya”, da kuma irin asarar da ake tafkawa ba tare da an rubuta ta a ko'ina ba.

Tun da yake har yanzu ba mu yi ittifaƙi a kan kalmomin wannan fanni da Hausa ba, tilas ne in faɗi waɗanda zan yi aiki da su. Babbar manhaja ita ce wadda take riƙe da ragamar kwamfuta gaba ɗaya, irin su Linux da Solaris da Windows. Cibiya kuwa ita ce ɓangarenta na can ciki, wanda yake raba lokacin masarrafi, watau injin da ke yin lissafin, a tsakanin ayyuka, ya raba ma'adana, ya kuma yi magana da faifai da hanyar sadarwa a madadin kowa. Duk wani motsi guda da cibiya ta yi, kamar ta karɓe masarrafi daga wani aiki ta miƙa wa wani, ko ta amsa kiran wata manhaja, ko wata na'ura ta katse mata hanzari, shi zan kira aukuwa. Bin sawu shi ne rubuta waɗannan aukuwoyi bi da bi, kowace da lokacinta, a cikin wani rumbu da aka keɓe a ma'adana, domin a karanta daga baya.

Girman Matsalar

Bari mu fara da ɗan lissafi, don kada a zaci masu tacewar nan son jiki ne ya sa su. Kayan bin sawun nan na Linux mai suna ftrace, wanda Steven Rostedt yake kula da shi, kuma ya shiga cibiya ta 2.6.27 a 2008, yakan ba kowane masarrafi rumbu na kimanin megabayit 1.4 in ba a canza ba. Bayanin sauyin aiki guda ɗaya, wanda ya ƙunshi sunan mai sauka da na mai hawa da lambobinsu da matsayinsu, yana cin bayit 64 da ɗan abin da aka ɗora a kansa. Ke nan rumbun ba zai ɗauki fiye da aukuwa 21,000 ko makamancin haka ba. To mu ƙaddara masarrafin yana haifar da aukuwa 200,000 a daƙiƙa guda, abin da ba baƙo ba ne ga injin da ke hidimar jama'a da yawa. Cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa rumbu ya cika. Daga nan sai ɗayan biyu: ko dai sabon bayani ya hau kan tsoho ya shafe shi, ko kuwa a rufe ƙofa a ƙi karɓar sabon. Wannan fa a sauyin aiki kaɗai. Idan aka buɗe bin sawun kowane ɗan aiki da cibiya take kira, waɗanda sun kai dubbai goma-goma, sai a shiga miliyoyi a daƙiƙa.

Akwai kuma kuɗin lokaci. Kowane rubutu yana cinye wa masarrafi wani ɗan lokaci, saboda haka injin da ake bin sawunsa ba shi ne daidai injin da aka yi ƙorafi a kansa ba. Duk wanda ya taɓa farautar kuskuren da ke tasowa daga rige-rigen ayyuka biyu ya san yadda yakan ɓace da zarar an kunna kayan lura, ya dawo da an kashe. Saboda haka ragewa dole ce. Tambayar ita ce me za a rage, wa ya yanke, kuma yaushe ya yanke.

Asalin Aƙidar

Tushen abin yana cikin takardar da Steven McCanne da Van Jacobson, na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Kalifoniya, suka gabatar a taron USENIX na farkon 1993 a kan matacin nan da aka sani da BPF. Damuwarsu ita ce ƙunshin saƙonnin da ke bin hanyar sadarwa. Kwafo kowane ƙunshi daga cibiya zuwa manhajar da ke lura yana da tsada, alhali mafi yawansu ba a son su. Sai suka ce a miƙa wa cibiya wani ɗan gajeren umarni, ta gwada kowane ƙunshi da shi tun yana isowa, wanda bai dace ba a bar shi a nan. Dabarar ta yi kyau ƙwarai a muhallinta, kuma dalilin kyanta shi ne ƙunshin saƙo yana ɗauke da adireshinsa a goshi. Mai neman saƙonnin wata na'ura guda ba ya rasa kome don ya ƙyale na sauran.

A 2004 Bryan Cantrill da Michael Shapiro da Adam Leventhal na kamfanin Sun Microsystems suka gabatar da DTrace a taron USENIX na birnin Boston, kuma ya fito cikin Solaris 10 a 2005. Su ne suka ɗauko wannan tunani suka shimfiɗa shi a kan aukuwoyin cibiya baki ɗaya. Abubuwa uku suka kawo da suka shafi batunmu. Na farko sharaɗi, wanda ake liƙa wa tashar lura, in bai cika ba ba a rubuta kome. Na biyu dunƙulewa, watau maimakon a rubuta aukuwa miliyan, sai a riƙe jimillarsu ko matsakaicinsu ko rabe-rabensu a cikin cibiya, kowane masarrafi da nasa lissafin, a haɗa a ƙarshe. Na uku rubutun wucin gadi, wanda zan koma kansa nan gaba. Linux ya gaji biyun farko sosai: an faɗaɗa BPF a cibiya ta 3.18 a 2014, aka ba shi damar maƙalewa a tashoshin lura a 4.1 da 4.7, a 2015 da 2016, kuma a 4.7 ɗin ne ftrace ya sami nasa jadawalin ƙidaya ta hannun Tom Zanussi.

Takardar DTrace tana daga cikin mafi kyawun rubuce-rubucen wannan fanni, kuma marubutanta ba su ɓoye cewa ba kowane lissafi ne yake dunƙuluwa ba. Sun ambaci cewa adadin tsakiya, misali, ba a samunsa sai an riƙe bayanan duka. Amma misalin da suka kawo don nuna ƙarfin kayansu shi ne ya fi jan hankalina, domin yana faɗin abin da su ba su tsaya a kansa ba. Wani babban injin Sun Ray ne da ma'aikata da yawa suke aiki a kansa lokaci guda, ya yi nauyi. Alamar farko ita ce yawan kiraye-kirayen da masarrafai suke yi wa juna. Suka dunƙule kiraye-kirayen bisa sunan aiki, sai ga manhajojin da ke zana fuskar allo. Suka sake tambaya, me waɗannan suke yi? Sai ga su suna ta karɓar ma'adana suna mayarwa. Suka sake tambaya, wa yake sa su? A ƙarshe aka tarar wata 'yar manhaja ce mai nuna farashin hannun jari, mai suna gtik2_applet2, wadda take ta ƙirƙirar kayan zane tana rushewa ba fasawa. Da aka tsayar da 'yan kwafinta da ke gudana, injin ya sami sarari.

Abu biyu ya kamata mu lura da su a nan. Da farko, aukuwar da ta fi kowace yawa ita ce shaidar. Da a ce an bi al'adar da ta yaɗu daga baya, ta cire duk abin da ya cika shafi tun kafin a fara karatu, da bakin zaren aka fara yankewa. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, laifin nan laifi ne mai haƙuri. Yana nan da safe, yana nan da yamma, ya tsaya an yi masa tambaya ta farko, an je an yi tunani, an dawo da ta biyu, yana nan bai gusa ba. Dunƙulewa tana amsa tambaya guda a kowane zagaye, kuma tana bukatar a san tambayar kafin a kunna. Sharaɗin da ba a faɗa ba shi ne matsalar ta yarda ta maimaita kanta. To yaya za a yi da wadda takan zo sau ɗaya a kwana uku, ta yi rabin daƙiƙa ta wuce? Mai irin wannan matsala harbi ɗaya gare shi, in ya tace bisa zaton da bai yi daidai ba sai ya jira wasu kwana ukun.

Kada kuma a ce irin wannan matsala ba ta da nauyi. Jeffrey Dean da Luiz Barroso na Google sun nuna a 2013 cewa idan inji guda yakan yi jinkiri sau ɗaya cikin ɗari, kuma buƙata guda tana jiran amsar injuna ɗari, to kashi 63 cikin ɗari na buƙatun za su gamu da jinkirin. Abin da yake nadiri a inji guda shi ne abincin yau da kullum a tarin injuna.

Rariya Iri-iri da Abin da Kowace Take Zubarwa

Kalmar tacewa tana rufe abubuwa biyu da kuɗinsu ya bambanta, kuma na ga ɗalibai da dama suna cakuɗa su. A bin sawun ƙananan ayyukan cibiya, ftrace yakan mayar da wurin kiran da ke bakin kowane aiki ya zama umarnin da ba ya yin kome tun ana tayar da inji, sai waɗanda aka zaɓa ne ake buɗewa. Wanda ba a zaɓa ba kusan ba ya cin kome. Amma sharaɗin da aka ɗora wa aukuwa, kamar a ce a rubuta sai in lambar aikin kaza ce, dole a shiga tashar, a tattara bayanin, a gwada, sa'an nan a yar. Shekaru da dama ma a cikin rumbun kansa ake fara rubutawa kana a soke, sai a 2016 aka sa wani ɗan wurin ajiya na wucin gadi don rage wannan ɗawainiya. Ma'ana, mutum yana iya duba sakamakonsa ya ga layi goma kacal, ya ɗauka bai taɓa injin ba, alhali injin ya tsaya a shingen sau miliyan. Shirun takarda ba ya nuna shirun inji.

Rariya ta gaba ita ce iyakar lokaci: kada a nuna mini sai abin da ya wuce kaza. Kayan nan ext4slower na tarin bcc, alal misali, yana farawa da milidaƙiƙa 10. Wannan ya dace da mai neman jinkiri guda mai girma. Amma jira dubu, kowane na milidaƙiƙa 9, daƙiƙa tara ne cur, kuma ko ɗaya ba zai bayyana ba. Masu kayan sun san haka, sun kuma ba da damar sauke iyakar. Laifin yana wurin mai karanta farin shafi ya ce faifai lafiya lau.

Jadawalin rabe-rabe ya fi wannan adalci, domin yana ƙirga kowa. Abin da yake ci shi ne jeri. Tun daga DTrace aka saba raba lokuta gida-gida, kowane gida ninkin na bayansa, saboda haka milidaƙiƙa 8 da 15 gidansu ɗaya. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce jinkiri hamsin da suka zo a jere cikin daƙiƙa guda, da jinkiri hamsin da suka warwatsu cikin sa'a, hoto ɗaya suke bayarwa, ga shi kuwa cuta biyu ce daban. Jadawali yana faɗin nawa ne, ba ya faɗin wa ya riga wa, kuma sanadi a cikin cibiya kusan kullum magana ce ta wa ya riga wa: wa ya riƙe makulli, wa ya tashi wa daga barci, wace katsewa ce ta faɗo a tsakani. A nan ne gadon BPF ya gaza. Ƙunshin saƙo ma'anarsa tana jikinsa, aukuwar cibiya kuwa ma'anarta tana wurin maƙwabtanta.

Sai ɗiban samfur, watau a riƙa leƙa masarrafi lokaci-lokaci a ga me yake yi. Kayan perf, wanda ya shiga Linux 2.6.31 a 2009, shi aka fi yin wannan da shi, kuma Brendan Gregg ya yaɗa al'adar leƙawa sau 99 a daƙiƙa maimakon 100, don kada leƙen ya riƙa faɗawa daidai da ayyukan da ke bin bugun agogo. Hikima ce mai kyau. Amma mu yi lissafi: tsakanin leƙe da leƙe milidaƙiƙa 10 ne da ɗoriya. Cikas na mikrodaƙiƙa 200 da ke zuwa sau ɗaya a daƙiƙa, damar kama shi kashi biyu ce cikin ɗari, watau sau ɗaya a kimanin daƙiƙa hamsin, kuma zai fito a matsayin ɗigo guda cikin dubbai. Daɗin daɗawa, aikin da yake barci yana jiran wani ba ya kan masarrafi, saboda haka leƙe ba ya ganinsa sam. Idan kuma agogon manhaja ne yake tayar da leƙen, kamar yadda yakan faru a injunan kwaikwayo, to duk wurin da cibiya ta toshe katsewa ba a ganinsa, sai a ɗora laifin a kan layin da aka buɗe toshiyar.

Akwai hayaniya guda da ban da ja a kan sunanta, ita ce wadda mai lura ya haifar da kansa. Mutum yana bin sawun kiran rubutu, kayansa suna rubuta sakamako a allo, rubutun ya zama sabuwar aukuwa, ita ma a rubuta ta, abu ya yi ta cin kansa. Cire wannan wajibi ne, kuma masu DTrace sun saba sa sharaɗin da ke keɓe aikin mai lura tun farko.

Darasin ASCI Q

Aukuwoyin da aka fi saurin jefawa a kwandon shara su ne bugun agogo, wanda a Linux ake zaɓa masa 100 ko 250 ko 300 ko 1000 a daƙiƙa, da farkawar ƙananan ayyukan bayan fage, da katsewar na'urori. Suna da yawa, gajeru ne, kuma kamanninsu ɗaya. A 2003 Fabrizio Petrini da Darren Kerbyson da Scott Pakin suka ba da labarin babbar kwamfutar ASCI Q ta ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, mai masarrafai 8,192, huɗu-huɗu a kowane inji. Manhajar lissafin da ake kira SAGE tana gudu ƙasa ƙwarai da abin da hasashensu ya nuna. Abin mamaki, da injunan suka yi yawa, sai aiki da masarrafai uku a kowane inji ya fi aiki da huɗun sauri. Sun bincika hanyar sadarwa da manhajar kanta ba su sami laifi ba. Ashe 'yan ƙananan ayyukan babbar manhaja ne, waɗanda kowane a injinsa bai kai a kula da shi ba. Sai dai lissafin yana tafiya ne zango-zango, kuma a ƙarshen kowane zango kowa yana jiran kowa. In masarrafi ɗaya cikin dubbai ya tsaya amsa wani ɗan kira, duka sun tsaya, kuma da yawansu ya kai haka, da wuya zango ya wuce ba a sami wanda aka tsayar ba. Masarrafi na huɗun da aka bari shi yake shanye waɗannan kiraye-kiraye. Da suka cire wasu ayyukan bayan fage, suka rage yawan farkawar wasu, saurin SAGE ya ninka.

Kalmar da suka kira wannan abu da ita ita ce hayaniya, kuma a wurinsu ita ce abin farautar. Haka ma a 2021 Daniel Bristot de Oliveira ya shigar da mabin sawu mai suna osnoise a Linux 5.14, wanda aikinsa duka shi ne ya zauna yana karanta agogo ba tsayawa, duk giɓin da ya gani ya ƙirga shi, ya faɗi ko katsewa ce ta sace lokacin ko wani aiki. Ke nan a cikin cibiya guda akwai kayan da aka gina don zubar da bugun agogo da kayan da aka gina don kama shi. Wannan ya isa ya nuna cewa hayaniya ba sifar aukuwa ba ce, hukunci ne na mai tambaya. Manomi da ke shiƙa ya san ƙaiƙayi da ido tun kafin ya ɗaga ƙwarya. Mai bin sawu kuwa yawanci bai san abin da yake nema ba, don da ya sani da bai kunna kayan ba.

Asarar da Ake Shelanta da Wadda Ake Yi Shiru

Wannan shi ne babban ƙorafina a kan kayan da muke da su. Idan rumbu ya cika bayani ya zube, kowa yana faɗa. DTrace yana shelanta yawan abin da ya faɗi a kowane masarrafi, ftrace yana saka layi a tsakiyar sakamako mai cewa an rasa aukuwa kaza, perf ma haka. Har mai taƙaita saƙonnin cibiyar Linux, wanda bisa al'ada yake barin saƙo goma a daƙiƙa biyar, yakan faɗi adadin waɗanda ya danne. Amma aukuwar da sharaɗi ya kora ba ta barin ko sawu. An ɗauka cewa asarar da mutum ya zaɓa da kansa ba asara ba ce. A ganina akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya. Zubewar rumbu ba ta san zaton mai bincike ba, saboda haka abin da ta bari yana iya ƙaryata shi. Sharaɗi kuwa daga zaton aka sassaƙa shi, kuma abin da ya fi iya korewa shi ne daidai shaidar da za ta rushe zaton.

Marubutan DTrace sun hango wani ɓangare na wannan, shi ya sa suka kawo rubutun wucin gadi: a rubuta kome a wani rumbu na gefe, sai an ga ƙarshen al'amari a yanke, in ya ƙare da kuskure a tabbatar, in ya ƙare lafiya a zubar. Wannan ya jinkirta hukunci zuwa bayan aukuwa, kuma a ra'ayina shi ne mafi zurfin tunani a takardar, ko da yake shi aka fi mantawa. Rauninsa shi ne yawanci zaren aiki guda ake ɗaure shi da shi, alhali wanda ya jawo jinkirin yana can a wani masarrafi. Hanyar ftrace ta barin rumbu ya yi ta kewayawa yana shafe tsoho, sa'an nan a daskarar da shi ko a ɗauki hotonsa sa'ad da wata alama ta bayyana, ta fi kama maƙwabta. Amma mun riga mun ga tsawon abin da rumbun yake iya tunawa. In sanadin ya riga alamar da daƙiƙa biyu, sai an faɗaɗa rumbun ninki ashirin, kuma sai an san alamar da za a jira.

Richard Sites, wanda ya yi aiki a kan masarrafin Alpha a kamfanin DEC kafin ya koma Google, ya bi ta wata hanya daban a kayansa mai suna KUtrace, wanda ya bayyana a littafinsa na 2021. Shi cewa ya yi kada a tace kome a cikin rukunin da aka zaɓa, a matse shi. Yana rubuta kowace shiga da fita tsakanin manhaja da cibiya, a kowane masarrafi, a kimanin bayit huɗu, da nufin kada ɗawainiyar ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ko da aukuwa ta kai 200,000 a daƙiƙa. Wannan yana nufin nanodaƙiƙa 50 ga kowace aukuwa, da ƙasa da megabayit ɗaya a daƙiƙa ga kowane masarrafi, inda lissafinmu na farko ya haura goma sha biyu. Da haka kowane ɗan lokaci na kowane masarrafi yana da mai shi, kuma ana iya yin tambayar bayan an ga abin da ya faru. Ina ganin hujjarsa ta fi ƙarfi ga matsalar da ba ta maimaituwa. To amma shi ma ya zubar, ta wata fuska: bayit huɗu ba ya ɗaukar sunan fayil ko jerin ayyukan da suka kai ga kiran, sai ɗan guntun bayani. Kuma sai an yi wa cibiya faci kafin ya yi aiki, domin ba ya cikin Linux na asali, abin da masu riƙe da injunan hidima ba su cika yarda da shi ba. Ya zaɓi ya san kaɗan game da kowa, inda DTrace ya zaɓi ya san da yawa game da kaɗan.

Abin da nake roƙon masu gabatar da awo a tarurruka irin wannan ba shi da tsada. Ƙirga aukuwa ba tare da rubuta ta ba ƙarin ɗaya ne a kan wata lamba ta kowane masarrafi, kuma perf yana iya ƙirga tashar lura guda a daidai lokacin da ake tace ta. Saboda haka a ƙarƙashin kowane jadawali a rubuta sharaɗin da aka sa kalma da kalma, da iyakar lokacin in akwai, da yawan aukuwar da ta iso tashar, da yawan wadda ta tsallake. Wanda ya nuna mana layi ɗari biyu daga cikin ɗari uku, da wanda ya nuna mana ɗari biyu daga cikin miliyan arba'in, ba nauyi ɗaya maganarsu take da shi ba, kuma a yadda ake buga sakamako yanzu mai karatu ba shi da hanyar bambance su. Inda kuma ake da'awar sanadi, cewa kaza ne ya jawo kaza, ya kamata a haɗa da ɗan yanki na sawu wanda ba a tace ba, ko da na rabin daƙiƙa ne a kewayen aukuwa guda, daga dukan masarrafan injin.